Duniyar Rubab da Ranar Shehryar

Jikokina biyu, Shehryar da Rubab, 'ya'yan wa da ƙani ne, amma in suka zauna wasan nan nasu na ran Lahadi sai ka rantse kura da akuya aka haɗa. A falona na Lahore suke yinsa, a kan shimfiɗar da muke cin abinci. Shehryar ne mai jan labari, Rubab da abokansa kuwa kowa da jirginsa mai filafilai, wai suna yawo tsakanin duniyoyi. Mangwaro ne rana, a tsakiya. Tuffa duniyar aljanu ce, lemon tsami ta ƙanƙara, gwaiba kuwa Zumurra ce, duniyar Rubab, wadda ta daɗe tana ƙirƙira mata koguna da sarakuna. Gefen shimfiɗar shi ne ƙwaryar gilashin da ta rufe samaniyarsu.

Tun makon da Rubab ta ƙaryata shi gaban abokansa, ta ce babu jirgin da ke ratsa ƙwaryar nan sai ta ƙofa, yake riƙe da ita a ciki.

Ran nan wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, kowa na zufa. Sai Shehryar ya gyara murya.

"Macijin falaki ya farka. Zumurra ya nufa."

"Ƙarya kake, Bhai!" in ji Rubab, haka take kiransa, wato Yaya. "Kai da bakinka ka ce yana bayan ƙwarya."

"Ta ƙofa ya shigo, malama sarkin sani. Jefa ɗan ludo mu gani."

Ta jefa, ya tsaya a kan biyu, biyu kuwa ba ta tsirar da duniya. Abokansa suka sunkuyar da kai. A dokarsu, duniyar da ta halaka cinye ta ake yi, kuma abin da haƙori ya taɓa ba ya komawa sama har abada.

"Shehryar, ɗan albarka, bar mata gwaibarta," na ce.

"Dadi, ba ruwanki da falaki." Dadi suke kirana, wato kaka.

Ya ɗauki gwaibar, ya goge a riga, yana kallon idonta ya gartsa. Har da barbaɗa gishiri da barkono, mara kunya.

"Sarakunanki sun nuna, wallahi."

Rubab ba ta yi kuka ba. Hannu ta miƙa tsakiya, ta sunkuci mangwaron, ta kafa masa haƙora da ɓawonsa da komai, ruwa na bin haɓarta.

"Ke! Rana ce fa!"

"Na sani. Sai ku yi ta lalube a duhu, kai da macijinka."

"Ba ki da hurumi! Ni kaɗai ke ci!"

"Haƙori dai ya taɓa, Bhai."

Wani abokinsa, Zarrar, ya kalli tuffarsa ya ce a hankali, ai doka doka ce, duk sun daskare kenan. Ya tattara takalmansa, sauran suka bi shi.

Shehryar ya ce kar ta ƙara zama a wasansa. Ta ce wane wasa? Ta tofar da ɓawon a gabansa, ta haye sama. Har yau in na zuba musu shayi, sai ɗaya ya tashi ɗaya ke zama.