Jinin da Ba na Al'ada Ba

Tela, kamar yadda ake kiranta saboda sana'arta, ta dire kan keken ɗinkin a bakin ƙofa, inda haske ya fi, sai ta ji ɗumi yana bin cinyarta. Ta duba zaninta. Jini ne ja wur, har da gudaji.

Ba ta daɗe da dawowa daga asibiti ba, inda aka cire mata mahaifa saboda ƙari. Likita ya ja mata kunne kada ta ɗaga abin da ya fi buta nauyi, don ɗinkin ciki bai kama ba. To amma ina Tela ina zaman banza? Wai hannun riga ɗaya za ta gyara.

Yayarta, wadda ta zo jinya, ta leƙo daga kicin.

"Al'ada ce, ke ma kin san jikinki. Je ki kwanta, zai tsaya."

Har ta juya za ta kwanta. Shekara da shekaru wannan maganar take ji, tana zubar da jini har idonta ya yi fari fat, ana ce mata haka mata suke, ta yi haƙuri. Tana kai hannu ga labule ta tsaya cak.

"Yaya, wace al'ada? Ta ina? Ai mahaifar a asibiti na baro ta!"

Yaya ta saki ludayi. Tela ta ɗauki waya da kanta, ta kira mijinta.

"Baban yara, taho da mota. Yanzu, ba anjima ba."

A asibiti likita ya duba ya ce zare ne ya saki a ciki. Ya tambaya ko ta ɗaga kaya, ko tana shan maganin ciwon jiki na kemis, mai tsinka jini. Duka biyun ta amsa, kanta a ƙasa.

"Kin yi laifi, amma kin zo da wuri," in ji shi. "Da kin kwanta, da wani labarin ake yi."

Aka sake ɗinkin. Aka nemi jini, Yaya ta miƙa hannu tun ba a gama tambaya ba, tana share hawaye.

Ranar da aka sallame ta, ta dawo gida ta tarar keken yana nan inda ta bar shi. Ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafafu, daɗi ya kama ta har ta yi dariya. Maigida ya sunkuya ya kinkimi keken yana nishi.

"Ba can ba, Baban yara," in ji ta. "Nan kusa da ni, inda zan riƙa kallonsa."