Cinikin Farko a Chichén

Kwana uku takardun tallan nan biyu suna aljihun rigata, har gumi ya fara cin rubutunsu. Ɗaya ja ce, ɗaya fara, kuma wuri ɗaya suke kai mutum: kufan Chichén, inda kakannin kakanninmu, mutanen Maya, suka jera duwatsu suka yi dala, suka tafi suka bar mu da sayar wa baƙi tsaraba a gindinta.

Jar ita ce mai araha. Peso ɗari takwas kowane mutum. Bas za ta ɗauke ku ƙarfe bakwai, ta yi ta zaga otal-otal tana kwasar mutane har ranku ya ɓaci, a tsaya shagon tsaraba, a tsaya wanka a tafkin kogo, a ci abinci, sannan a isa kufai da rana tsaka, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Farar kuwa mota ce taku ku kaɗai, dubu uku kowane mutum. A tashi da sassafe, ana buɗe ƙofa kuna ciki, kafin ƙarfe goma kun fito.

Ni da nake karɓar baƙi a wani otal a Playa del Carmen, kullum sai na yi wa mutum goma wannan lissafin cikin minti biyu, ina murmushi. Da ya zo kaina sai na kasa. Kuma ba kuɗin ne kaɗai ya hana ni sakat ba.

Don Rogelio ne ya zo daga Torreón. Shi ne mahaifin Marisela, yarinyar da nake nema da aure. Dilan tayoyin mota ne, ƙato, mai gashin baki, in ya yi dariya sai ta tebur na gaba ta juyo. Ranar da muka fara cin abinci tare, yana cikin ɓare jatan lande ya tambaye ni, "To, Gualberto, me mahaifinka yake yi?"

Na ce, "Yana aiki a kufan Chichén."

Wannan gaskiya ce tsantsa. Sai ya ajiye cokali, ya ce, "Kai! Tare da masu binciken tarihi?"

Ban ce e ba. Kai kawai na gyaɗa, na ɗauki kofi na kai baki. Marisela ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, na yi kamar ban ji ba. Shi kuwa Don Rogelio nan take ya yanke cewa ba zai koma gida ba sai na kai shi ya ga dalar nan da idonsa.

Mahaifina, Nicanor Cauich, shekara talatin da ɗaya yana sassaƙa kawunan damisa da fuskokin katako. Kowace safiya yakan loda su a baro, ya tura har cikin kufai, ya shimfiɗa su a kan tebur a ƙarƙashin wata bishiya, can ƙarshen hanyar da ta nufi tsohuwar rijiya. Da kuɗin damisun nan na yi makaranta. Turancin da nake gaishe da baƙi da shi, har nake jin kaina wani, daga bakin wuƙarsa ya fito. Na san wannan sarai lokacin da nake gyaɗa kai.

Ga yadda na auna. In muka bi farar takarda, ƙarfe takwas masu talla suna kan tura baro ne, ba su kwance kaya ba, Baba kuma gwiwarsa ta sa shi ne na ƙarshe kullum. Za mu shiga mu fita bai gan mu ba. Amma dubu shida ita ce duk abin da na tara don kama ɗakin da za mu zauna ni da Marisela. In muka bi ja, kuɗina na nan, sai dai za mu isa lokacin da kowane mai talla ya baje kolinsa. Wato ko in rasa ɗaki, ko asirina ya tonu a gaban tebur.

"Beto, ka faɗa masa kawai," in ji Marisela, da gajeren sunan da take kirana, muna tsaye a bayan kantin maganin da take aiki. Ita ta san gidanmu, ta ci wainar masarar Mama, ta kwanta a ragar lilon da muke kwana a ɗakinmu. "Babana fa da facin taya ya fara a bakin titi. Har yau akwai baƙi a ƙarƙashin farcensa. Wa kake jin kunya?"

"Zan faɗa masa. Ba yanzu ba."

"Yaushe? Ranar biki, in ya ga babanka ya tambaye shi ina ofishinsa?"

"Ke dai bar ni in yi tunani."

"Tunaninka ne ya kai ka nan," ta ce, ta koma ciki.

A hanyar komawa dabara ta faɗo mini, har sai da na tsaya a titi na yaba wa kaina. Talata! Baba ba ya fita kasuwa ran Talata. Ranar ce yake shiga daji ya saro itace, ya leƙa gonar masara. Tun da na yi wayo haka yake, ko ana ruwa ko ana rana. Na sayi jar takarda guda biyu, na ran Talata. Da na gaya wa Marisela sai ta dube ni ta ce, "Ka kira gida ka tabbatar mana." Ban kira ba. Wata biyu ke nan ban kira ba, kuma ban ga da wane baki zan fara da tambayar ranar da ubana ba ya nan ba.

Bas ta yi abin da ta saba. Ƙarfe tara muna kan kwasar mutane. Ɗan jagoranmu, wani siriri mai jar lema, ya riƙe abin magana bai ajiye ba. Da muka tsaya a shagon tsaraba ya ce, "Jama'a, a nan za ku sayi na gaske. Waɗancan na cikin kufai za su dame ku da kira, kada ku kula su. Kayan inji ne, fenti kawai suke shafawa."

Na san la'ada yake karɓa a shagon, kowa a harkar ya sani. Na san kuma hannun da ke da tabon wuƙa a kowane yatsa. Amma na juya kai ina kallon taga.

Don Rogelio ya ɗaga wani kan damisa a shagon, ya ga farashi, ya yi fito. "Ɗan Maya, wannan ai fashi ne da rana."

Nan ne bakina ya ja mini. Ina son ya ga ni ɗan gari ne, na san ciki da waje. Na matsa kusa da shi na ce, "Ajiye, Don Rogelio. A ciki ya fi araha. Kuma bari in ba ka wani sirri. Mutanenmu ba sa barin mai cinikin farko ya tafi. In ya tafi, sun ɗauka ranar ta lalace. Ka taya yadda ka ga dama, ka juya baya, za a kira ka."

"Ta yaya zan san ni ne na farko?"

"In ya karɓi kuɗin zai yi alamar gicciye da su, goshi, ƙirji, kafaɗu, ya sumbace su. Cinikin farko kaɗai ake yi wa haka."

"To mu da za mu isa ƙarfe ɗaya? Ai an daɗe da buɗe kasuwa."

"Sai dai ka dace da wani marar sa'a," na ce. Muka yi dariya tare, ya buga mini kafaɗa. Na ji daɗin bugun nan, ba zan ɓoye ba.

Ɗaya da rabi muka shiga, an ɗaura mana jan zare na takarda a wuyan hannu kamar kajin kasuwa. Ɗan jagora ya tsayar da mu gaban dala, ya sa muka tafa hannu don mu ji yadda dutse ke amsawa, ya zuba shekaru da sunayen sarakuna, sannan ya ce kowa ya zaga, minti arba'in, a haɗu a bakin ƙofa. Don Rogelio ya cire hula yana fifita. Ya ce shi tsohuwar rijiyar nan yake son gani. Na ce da nisa, ga rana. Ya ce bai zo daga Torreón don ya zauna a inuwa ba.

Muka kama hanya, masu talla hagu da dama, ana busa usur mai kukan damisa. Na ja hular kaina ƙasa, na gyara baƙin tabarau, don akwai waɗanda suka goya ni a cikinsu. Ina tafe ina gaya wa kaina yau Talata.

Baron na fara gani. Shuɗi ne, ƙafarsa ɗaya an ɗaure da waya, ni na ɗaure ta da hannuna shekara shida da suka wuce. Baron Baba ne. Yana zaune a kan kifaffen bokiti, katako a cinya, wuƙa a hannu. Ya rame. Teburin cike yake fal, babu gurbin ko abu ɗaya da aka ɗauka.

Ya ɗago ya gan ni. Fuskarsa ta buɗe, ya dafa gwiwa zai miƙe. Ni kuwa sai na zaro waya daga aljihu na sunkuyar da kai a kanta. Babu saƙo, babu kira, baƙin gilashi kawai nake kallo. Da na saci kallonsa, idonsa na kan jan zaren hannuna, daga nan ya koma kan ƙaton mutumin da ke gefena. Ya ƙarasa miƙewa a hankali, ya kakkaɓe ɓawon itace daga wandonsa.

"Sannu da zuwa, maigida," ya ce wa Don Rogelio. "Kallo kyauta ne."

Don Rogelio ya ɗauki wani kan damisa, babba, an fitar da kowane haƙori daban. Kwana huɗu ake yi a kan irinsa. Na sani, don ni nake goge su da takardar yashi ina yaro.

"Nawa, tsoho?"

"Ɗari tara, maigida. Aikin hannu ne."

"An ce mana inji ke yi. Ɗari biyu da hamsin."

"Albarka." Baba ya miƙa tafin hannunsa. "Ga injin nan."

Don Rogelio ya yi dariyarsa, ya zungure ni da gwiwar hannu. "Ɗan Maya, yi masa magana da yarenku mana, ko ya sassauta."

Na kau da kai. Na ce, "Ba na jin yaren sosai."

Na faɗi haka a gaban mutumin da ya koya mini sunan kowace bishiya a dajinmu da yaren nan. Baba bai dube ni ba. Ya gyara zaman wata ƙaramar fuska a kan tebur, wadda ba ta karkace ba.

"Ɗari uku, maganar ƙarshe," in ji Don Rogelio.

"Ko itacen da fentin, maigida…"

Don Rogelio ya ajiye damisar, ya ƙifta mini ido, ya juya baya. Na bi shi. Ƙafafuna suka bi shi, ni dai ban san inda nake ba. A raina ina roƙo, kada ka kira, Baba, don Allah kada ka kira, ka yi ciniki tun safe, ka bar mu mu tafi. Mun yi taku bakwai ko takwas.

"Maigida. Dawo. Na sallama."

Don Rogelio ya zaro takardu uku ya miƙa. Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya kai su goshi, ya sauko ƙirji, kafaɗar hagu, ta dama, ya sumbace su, ya sa a aljihun gaba. Wayar tana hannuna har lokacin, ta nuna ƙarfe biyu da minti ashirin. Tun safe yake zaune a nan. Kuma yau Talata. Sai a lokacin na gane abin da ke fito da mutum ranar da bai taɓa fitowa ba, wato babu ta matsa, abin da kira ɗaya zuwa gida zai gaya mini. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

"Ka gani!" Don Rogelio ya daki bayana. "Mun dace da marar sa'ar! Yaron nan ya san ku ciki da bai, tsoho, shi ya ba ni dabarar."

Baba yana naɗe damisar a tsohuwar jarida, yana lanƙwasa takarda a kan kunnuwan don kada su karye. Hannunsa bai tsaya ba.

"Af, bari in tambaye ka," in ji Don Rogelio. "Mahaifin yaron nan a nan yake aiki, tare da masu binciken tarihi. Cauich. Ka san shi? Ina son mu gaisa kafin mu tafi."

Ga ƙofa an buɗe mini har ƙasa. Kalma biyu ce, ga shi. Na buɗe baki, sai na tsaya ina jira in ji abin da Baba zai ce. Wannan jiran shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Baba ya ɗaure ƙunshin da zare, ya miƙo mini, ni, ba wanda ya biya ba. Yatsunsa suka taɓa nawa. Sai a lokacin ya dube ni, babu fushi a idonsa, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Na san shi, maigida," ya ce. "Ba ya fitowa ran Talata."

Can nesa a bakin hanya ɗan jagora yana kaɗa jar lemarsa. Don Rogelio ya ce kash, sai wani zuwan, ya yi gaba yana fifita da hula. Na rungume damisar na bi shi. Da na waiwaya, Baba ya koma kan bokitinsa, ya ɗauki katako da wuƙa, amma bai fara sassaƙa ba.