Amalanken Gwaggo Atika

Ranar da amalanke ya karye a yashin gulbi, kankana ta yi ta gangarowa tana fashewa, awakin ƙauyen Safo suka sha daɗi, Nura kuwa ya sha faɗa. Jakin da amalanken duk na Gwaggo Atika ne, ƙanwar babansa, mai lambu a bakin gulbi. Shi dai kora ce tasa, kuma tun da ya bar lakwal, wato makarantar boko, ita ce sana'a ta farko da bai gudu ya bari ba.

"Saurara, ɗan nan," in ji Gwaggo. "Kasuwa mai zuwa, in kankanata ba ta isa Madarunfa ba kafin motocin Maradi su tashi, Abubakar zan ba jakin."

Abubakar ɗan maƙwabcinta ne, ya daɗe yana kawo wa jakin harawa ba wanda ya aike shi.

Washegari Nura ya tura amalanken wurin Inusa mai walda, wanda ya yi zaman Katsina ya dawo da baƙin tabarau da Turanci.

"Maigida, inda ya karye za ka haɗa mini."

"Haɗawa kawai?" Inusa ya ɗage tabarau. "Matsalarku ke nan, ku 'yan Faransanci. A Turanci ƙarfafa abu ba kalma ɗaya ba ce. Akwai ta ɗora ƙarfe kan ƙarfe. Akwai ta tokarewa daga ƙasa. Akwai ta ɗaure gefe da gefe kada abu ya motsa. Wacce kake so?"

Nura ya tuna fuskar Abubakar. "Duka," ya ce.

Haka aka wuni. Inusa ya faɗi kalma yana tauna ta kamar goro, Nura ya maimaita, sai a ɗauko ƙarfe a liƙa. Aka sa sifirin na tsohuwar babbar mota. Aka sa ƙafafun wani gadon ƙarfe. Da Inusa ya tuno wata kalmar ta huɗu, rabin ƙyauren shagonsa ya shiga aikin. Da la'asar ƙartin da ke zaune a rumfar suka hau suka yi ta tsalle, amalanke ko gezau. Kowa ya yaba. Jaki ne kaɗai ba a tambaya ba.

Ranar kasuwa aka loda kankana, Gwaggo ta hau gaba da lemarta, ta ce yau da idonta za ta gani. A kan hanya mai tauri jaki ya ja, sai dai yana ta waiwaye kamar mai son sanin wa ya yi masa haka. Suna gangarawa cikin yashi tayoyi suka nutse. Jaki ya yunƙura, ya sake yunƙurawa, sannan ya tsaya ya sauke kunnuwa.

"Me ya karye kuma?" in ji Gwaggo.

"Wallahi ba abin da ya karye, Gwaggo. Wannan ko giwa ta taka shi..."

"To giwar za ka nemo ta ja shi?"

Nura ya sunkuya ya kama ƙyauren nan ya girgiza, ko zai rage nauyi. Ina! Aikin Inusa ba na wasa ba ne. Ya gwada ƙafar gado, ita ma kamar da ita aka haifi amalanken. Rana tana hawa. Can sai ga Abubakar yana tura kekensa cikin yashi.

"Sannunku da hutawa," ya ce. "Gwaggo, in riƙe linzamin ne?"

Gwaggo ta juya ta kalli Nura.

Nura ya tuɓe riga. Ya kwance igiyar guga da ke rataye a gefe, ya ɗaura a gaban amalanke, ya zarga ta a ƙirji, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da jaki.

"Gwaggo, don Allah sauko."

Ta sauko, ta ɗauki sandar kora.

"Sandar ta jaki ce fa!"

"Na sani. Ina duba wanda ya fi buƙata ne."

Suka ja. Yashi yana cin ƙafa, igiya tana cin ƙirji. Nura ya yi ta kiran kalmomin Inusa da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, ba don sun taimaka ba, sai don zagi ba ya yiwuwa a gaban Gwaggo. Jaki da ya ga an raba masa wahala sai ya saki jiki ya ja. Taya ta juya, ta sake juyawa, har suka hau tudu.

Sun isa tasha ana ɗaure kayan motar ƙarshe. Dillali ya ƙwanƙwasa kankana ɗaya bayan ɗaya, babu ko mai tsaga, ya sa aka kwance igiyar motar aka loda.

Nura ya zube a inuwa. Gwaggo ta fasa ƙarama guda, ta miƙa masa rabi, ta ba jaki rabi.

"Ba zan ba Abubakar ba," ta ce.

"Na gode, Gwaggo."

"Kada ka gode tukuna. Amalanken nan yanzu na jaki biyu ne, ni kuwa ɗaya gare ni. Ajiye igiyar nan da kyau, jibi akwai taki da za a kai lambu."