Safiyar Da Ƙaguwa Ta Tare Hanyar Fitila

Shekara ashirin da shida ina facin taya a bakin kwaltar Punta Jicotea, saboda haka kada wani ya zo ya koya mini halin ƙaguwa. Na san ta kamar yunwar cikina. Ruwan farko na watan Afrilu yana sauka, washegari da sassafe za su fito daga daji su tsallaka kwalta zuwa teku don zubar da ƙwai, sai rana ta yi zafi wajen ƙarfe goma su koma inuwa. Ko ɗan yaye a garinmu ya san ba a hawa keke kafin goma a wannan watan. Wanda ya yi taurin kai kuwa, wurina yake ƙarewa da keke a kafaɗa, don hannun ƙaguwa ba ya sassauta wa roba.

'Yata Yaíma a rumfar facin nan ta girma, cikin warin sholisho. Tana da shekara bakwai uwarta ta rasu, muka rage daga ni sai ita. Keken tseren da take hawa ni na haɗa shi da gawar kekuna uku, kuma babu hanyar da ba ta ci da shi ba: ta masu gawayi da ke ratsa fadama, ta gonakin lemo, da ta bakin teku mai zuwa fitilar jiragen ruwa, kilomita ashirin cif. Da ta kai sha tara, samarin garin sun daina tsere da ita, wai gwiwa ke damun su. Dukkansu, a lokaci ɗaya.

Ran da ruwan farko ya sauka da la'asar, Nereida mai sayar da kofi ta leƙo ta ce ana kirana a wayar shagonta. Wani Rigoberto ne, sabon kocin tseren keke na 'yan matan lardi. Ya ji labarin Yaíma, gobe zai zo ya gwada ta. Idan ta kai fitila cikin minti talatin da biyar, zai tafi da ita birni, makarantar wasanni, ci da kwana duk a can.

"Ƙarfe nawa ya fi a wurinku?" ya tambaye ni.

Ina riƙe da wayar, ina kallon ruwa yana dukan kwano. Na tuna kujeru biyun da ke gidana.

"Bakwai," na ce. "Kafin rana ta yi zafi."

Na ajiye wayar na tarar Nereida ta kama ƙugu.

"Evelio, bakwai na ji ka ce, ko kunnena ne ya tsufa?"

"Zuba min kofi, ba wa'azi na zo ji ba."

"Tsohon banza. Furfura har a gira, amma ka rasa wanda za ka yi wa ƙeta sai 'yar cikinka."

"Wa ya ce ƙeta ce? Wata shekarar ya dawo."

"Wata shekarar ka ce masa shida!"

Na sha kofin a tsaye, ya ƙona mini harshe. A gida na ce wa Yaíma kocin ne ya sa bakwai. Ta dubi sama, ta dubi kekenta, ta ce to.

Rigoberto ya iso shida da rabi ta hanyar arewa, wadda ƙaguwa ba ta bi. Gajere ne mai tumbi, da agogon gwaji rataye a wuya. Yaíma ta gaishe shi, ta ce cikin ladabi, "Koci, da za a bari zuwa goma. Jiya an yi ruwa."

"Ruwa ai ya bushe, 'yata. Sha biyu ina da wasu yaran a wani gari. Kuma babanki ne da kansa ya zaɓi bakwai."

Ta juyo ta dube ni. Ban taɓa sanin igiyar takalmina tana da abin kallo ba sai ranar. Ta matsa tayar gaba da babban yatsa, ta matsa ta baya, ta ɗaure hularta ta hau. Na tayar da tsohon baburina, kocin ya hau bayana, ya ɗaga hannu ya danna agogo.

Kilomita bakwai na farko kwalta fes take. Ta wuce makabarta, ta wuce rumfunan masunta, ta kwanta a kan keken tana zuba gudu, teku a hannun dama shuɗi har ya yi duhu. Kocin yana ihu a kunnena, "Kai! Wannan me kake ba ta take ci?" Na ce shinkafa da wake, kamar kowa. A raina kuwa ina lissafin kwanar da ke gaba, inda daji ke matsowa har bakin hanya.

Muka sha kwanar, sai kwalta ta ɓace.

Na ga fitowar ƙaguwa sau ashirin da shida, amma wallahi ban taɓa ganin irin ta wannan safiyar ba. Ja, rawaya, baƙa, wata da ɗigo-ɗigo, tun daga gindin itatuwa har bakin ruwa, iya ganinka. Suna gangarowa daga kan duwatsu, suna faɗowa daga rassa, suna hawa kan juna, duk sun nufi wuri ɗaya. Rana ta fito ta haske bayansu mai laima, hanyar gaba ɗaya tana ƙyalli tana motsi. Ga wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas ta ƙafafunsu a kan kwalta, har ta fi ƙarfin injina. Kocin ya damƙi kafaɗata ya ce, "Ya Ubangiji," a hankali, kamar mai tsoron kada su ji.

Nan na yi zaton za ta taka birki ta sauka, ko ta rufe ido ta bi ta kansu, taya ta fashe kafin mita ɗari. Ko wanne ta yi, da yamma tana gida.

Ta rage gudu, ta miƙe tsaye a kan feda, ta shiga.

Ƙaguwa idan ta ji abu na zuwa, tsayawa take ta ɗaga hannuwa biyu kamar filaya a buɗe, sannan ta zabura gefe guda. Wane gefen, ni ban taɓa sani ba, shi ya sa nake da sana'a. Yaíma ta sani. Kafin dabbar ta motsa, tayar gaba ta riga ta nufi inda za ta bari. Hagu, dama, dama, ta ɗan ɗaga tayar baya, ta bi ta wata rata da ba ta fi faɗin tafin hannuna ba. Kafaɗunta ba sa motsi, keken kawai ke rawa a ƙarƙashinta. Hanya tana buɗewa a gabanta, tana rufewa a bayanta, ni kuma ina ta kokawa in bi sawunta kafin ta rufe, ina murƙushe bayin Allah ta ko'ina, ruwansu yana fantsamar mana a wando.

"Kai ka koya mata?" in ji kocin.

"Ni? Ni faci na iya."

"Matsa kusa, malam, matsa in gani!"

"In matsa mu kwana a asibiti? Riƙe tumbinka da kyau."

Sai a lokacin na tuna duk watan Afrilun da takan fita da safe ta ce za ta gidan ƙawarta, ta dawo da gumi, ba ta taɓa kawo mini taya ko ɗaya in yi wa faci ba. Ni da nake cika baki na san ƙaguwa, ashe 'yar da ke cin tuwo ɗaya da ni ban sani ba. Kunya ta kama ni, alfahari ma ya kama ni, na rasa wanda zan ji da shi. Na ji bakina yana ihu, "Hagu, Yaíma! Hagu!" Ta bi dama, kuma ita ce da gaskiya.

Kilomita shida aka yi a haka. Da daji ya ja baya kwalta ta bayyana, ta zauna ta sa babbar giya, ta ba da duk abin da ya rage a ƙafafunta. Fitila ta taso fara daga cikin duwatsu. Ta wuce ƙofarta, kocin ya danna agogo, ya duba, ya nuna mini: minti arba'in da ɗaya.

Abin da na nema ke nan, kuma na samu. Ban ji daɗin komai ba.

Ta sauka ta zauna a kan dutse tana haki, kanta tsakanin gwiwoyi. Rigoberto bai je wurinta ba, keken ya nufa. Ya ɗaga gaba ya juya tayar a hankali yana bin ta da yatsa. Ya ɗaga baya ya yi haka nan. Ya shinshina yatsan. Babu ɓawo, babu jini, babu ko ɗigon ƙwai. Sannan ya dubi tayoyin baburina da suka yi kaca-kaca, ya yi dariya har da tari.

"Gudu ina iya koya wa kowace yarinya," ya ce. "Wannan kuwa ni kaina ban iya ba. Ranar Litinin motar safe, ki zo da kayanki. Ki zo da keken ma, ina son sauran su ga abin da aka yi da shi."

Ya koma gefe yana rubutu a littafinsa. Na tsaya da gorar ruwa a hannu kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Daga baya na miƙa mata. Ta sha, ta zuba sauran a kai, ta share fuska da gefen riga. Can ƙasa ƙaguwa na ta shiga ruwa, igiyar teku tana ɗauke su.

"Baba," ta ce, ba ta dube ni ba. "Jiya na yi niyyar in ya ɗauke ni in ce masa sai baɗi. Na ga ba ka da kowa."

Sai ta ɗago ta dube ni, ta ƙara da cewa:

"Da ka ce in zauna, da na zauna."

Ta miƙo mini gorar, ta hau kekenta ta juya gida ita kaɗai, a hankali, don har lokacin goma ba ta yi ba.