Takardar Jikin Kwalba

Inna Kulu ta Mawashi tsohuwa ce mai tsantsenin addini har ya yi yawa. Ko kunu ne ya kwana ya yi tsami ba ta kai shi baki, wai ya kama hanyar giya. To ita ce ciwo ya kwantar da ita da damina, shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Jini ya ƙare mata, ta koma kamar tsinke.

Ɗanta Sada ya rasa inda zai sa kansa. Saiwoyi an sha, rubutu an sha, shiru kake ji. Sai ya nufi Kankiya wurin amininsa Labaran, kukun wani baturen auduga. Rana ɗaya aka yi masu kaciya, to da wa zai yarda in ba Labaran ba?

Labaran ya shiga ciki ya fito da baƙar kwalba mai farar takarda a jiki.

"Maganin jini ne na Turawa. Cokali guda safe da marece."

"Ka dai san halin Inna. Babu haram ciki?"

"Haba Sada! Ni da nike karanta boko? Ga shi nan rubuce, magani."

Da aka kai wa Inna, ta sansana ta kau da kai. Sada ya durƙusa ya rantse mata da Allah halal ne, in da zunubi yana wuyansa. Ta yi bisimilla ta sha. Ko maganin ne ko kwana ne bai ƙare ba, kafin a yanke gero tsohuwa ta miƙe.

Ranar kasuwar Kankiya Sada ya ɗauko kwalbar don a ƙaro masa. Ya tsaya sayen kanwa wurin Gajere, wani mutumin Maraɗi da ya yi sojan Faransa shekara tara. Gajere ya hango wuyan kwalba cikin jaka, ya kece da dariya.

"Ashe Malam kai ma kana ɗan taɓawa!"

"Taɓa mi? Magani ne."

Gajere ya karɓa, ya bi rubutun da yatsa. "Wanga na bisa sunan yankin da aka noma inabin ne. Wanga shekarar da aka tsinke shi. Wanga ƙaramin kuwa ƙarfin bugunta. Giyar inabi ce, ɗan'uwa. Su can Faransa doka gare su mai tsanani a kan takardar nan. Kamar ka ɗauki geron ƙauyen Fakuwa ka ce na ƙauyen Dudunni ne, sai alƙali. Suna shan abinsu, amma ba su ɓoye sunanshi."

Sada ya ji kasuwar ta yi masa duhu. Kwana arba'in da hannunsa yake ɗura wa mahaifiyarsa giya, tana bisimilla!

Ya iske Labaran a bayan kicin yana figar zabuwa. Ya dangwarar da kwalbar gabansa.

"Ka san ko mi ce ce?"

Labaran bai ko ɗaga kai ba. "Ta tashi ko ba ta tashi ba?"

"Na tambaye ka, Labaran. Ka dube ni ka ce rubuce yake. Ka sa na rantse mata da Allah!"

"Ni na sa ka? Ni dai ban rantse ma kowa ba."

Wannan maganar ita ta fi giyar ciwo. Sada ya tsaya yana kallon mutumin da suka tashi tare, ya ga bai san shi ba. Ya juya ko sallama babu.

Tun daga Kankiya har Mawashi yake shirya yadda zai faɗa mata. Ya iske ta tsakar gida tana tankaɗe, da ƙarfinta. Ya san in ta ji, baƙin ciki zai mayar da ita inda ta fito, wannan karon ba tashi.

"Ina maganin?"

"Ya ƙare, Inna. Sun ce ba a kawo ba."

"To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Gobe ka kama jar kazar nan ka kai ma Labaran. Yaron nan ɗan halak ne, kowace salla sai na ambaci sunanshi." Ta ajiye rariya ta ɗaga hannuwa. "Allah ya yi mashi albarka, ya saka mashi da irin abin da ya yi mani. Kai, ba ka ji ba ne? Ka ce amin mana."

Sada ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan rigarsa.

"Amin, Inna."