Yadda Yunwa Ta Dawo wa Ctibor

Da aka gama wa mijina Ctibor maganin ciwon daji a birnin Brno, ciwon ya tafi, amma ya tafi da cin abincinsa. Mutumin da a da sai na ɓoye tukunya in za mu yi baƙi, yanzu cokali biyu zai yi ya ture kwano, ya ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake yi masa. Wando ya koma masa kamar buhu. Likita ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in aka koma awo a ƙarshen kaka bai ƙara nauyi ba, za su kwantar da shi su sa masa robar abinci ta hanci. Ctibor ya ce gara a binne shi a bayan shagonsa. Ni kuwa ga tsoro ga haushi, don duk duniya ba abin da nake taƙama da shi kamar girkina.

Maƙwabcinmu Vendelin, tsohon direban jirgin ƙasa, shi ya kawo maganar wiwi. Yana da 'yan shuke-shukensa a bayan tumatir, wai saboda ciwon gwiwa. Ctibor ya tambayi likita, ta ce hayaƙi kam kada ya kuskura, amma tururi ba ta hana ba. Ni ce na hana.

"Da furfurarka za ka zama ɗan wiwi? Bari jikokinka su ji."

"Bohuna, jikokin nan su za su gyara mini in na yi kuskure," in ji shi.

Ba wanda ya saurare ni. Su biyu suka shige shagon kafinta na Ctibor suka turo ƙofa. Da ƙarfen da yake matse katako suke matsa furen wiwin da ɗumi, har wani danƙo mai launin zuma ya tsattsafo. Takardar gasa burodina ta ƙare ƙarƙaf. Wuƙar man shanuna ta ɓace, na tsince ta a shagon ta yi dumu-dumu. Na yi faɗa har na gaji. Amma gaskiya ɗaya ce, tun da ya dawo daga asibiti ban ji fitonsa ba sai a makon nan, kuma raina ya yi sanyi. Vendelin ya ba shi wata 'yar na'ura kamar ƙaramar tocila, a ɗora mata ɗigon danƙon, ta ɗumama shi, mutum ya ja tururin.

Ranar da ya fara gwadawa na tafi maƙabarta ba furannin kabarin mahaifiyata ruwa. Ina dawowa na tarar da Drahuše, matar Vendelin, ta jingina da shinge tana washe baki.

"Maƙwabciya, albishirinki! Mijinki ya cinye mini rabin kek, har yana lasar yatsa."

Kek ɗin Drahuše! Kek ɗin da in ta kawo mana kajina ke zagaye shi su wuce. Na shiga gida ban san kuka zan yi ba ko jifa. Na sami Ctibor a kujera, ɓurɓushi a gemu, yana murmushi kamar wanda ya ci gasa.

"Wata da watanni ina dafa maka kana turewa, sai abin waccan matar?"

"To yunwar ta zo ba kya nan. Da takalmi na samu ma sai in ci."

Na yi dariya duk da ban so ba. Ya yi mini bayani: yunwar ba ta zuwa nan take, sai an ɗan jima da jan tururin, kuma in ta zo ba ta daɗewa. Na ce ai na san mai irin halin nan. Bramborak, wainar dankalin da yake mutuwar so, mai tafarnuwa, haka take. Daga kasko sai baki. In ta huce ta zama tafin takalmi.

Haɗa yunwar da wainar ne ya ba mu wuya. Ranar farko na yi gaggawa, wainar ta sandare kafin cikinsa ya motsa. Washegari shi ya riga ni, ina cikin gurza dankali ya cika cikinsa da busasshen burodi da yajin mustad, yana tsaye a gaban firji kamar ɓarawo. Na kore shi da ludayi. Daga baya muka gano lokacinmu. Da na ɗauki wuƙar feraye sai in buga bututun ɗumama ɗaki da cokali, ƙarar ta bi bango har shago, shi kuma ya ja tururinsa. Kafin in gurza, in matse ruwan, mai ya yi zafi, sai ga shi a bakin ƙofa yana shinshina.

Haka muka yi ta yi duk tsawon kaka. Vendelin ya sa mini suna mai ba jirgi hannu. Drahuše ta sake aiko kek, na gode mata sosai, na kai wa kaji. Wata rana ya ci waina biyu, wata rana huɗu, wata rana ya ture, ni kuma na koyi yin shiru. Wani lokaci sai in ji ɗan kishi, ina ganin kamar ganyen ne ke ciyar da mijina, ni 'yar aike ce kawai. Ban faɗa wa kowa ba.

Ana gobe awo, 'yarmu ta kira daga Olomouc ina feraye. Na maƙale wayar a kafaɗa, tana ba ni labarin maigidan aikinta, ina gurzawa ina soyawa. Sai hannu ya wuce ta gefena ya ɗauke waina daga kasko. Ctibor ne, yana jujjuya ta daga hannu zuwa hannu yana hurawa. Ya cinye, ya ɗauki ta biyu, ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Na buɗe baki zan ba shi amsar da ta dace da shi, sai idona ya sauka kan cokalin da nake buga bututu da shi, yana nan inda na ajiye shi tun jiya.

Na kashe wayar ban yi sallama ba.

"Tsoho, ka ja abin naka?"

"Ina fa, ai ba ki buga ba," in ji shi da baki cike. "Ƙanshin tafarnuwa na ji. Akwai saura?"

Na juya masa baya don kada ya ga idona, na ce albasa ce, alhali ko albasa ban yanka ba. Na ƙara mai a kasko, na jawo kwandon dankali.