Gwiwar Nicomedes

Ranar da labarin sabuwar tuta ya ƙetaro kogin Ozama, cikin watan Maris na 1844, Nicomedes yana bisa rufin bukkarsa yana toshe yoyo. Daga can sama ya tambayi launinta. Aka ce irin ta Haiti ce dai, ja da shuɗi, sai dai an ɗinka mata farin gicciye a tsakiya.

"To," in ji shi, "ko ba komai, waɗannan sun san tattalin yadi."

Tuta ta biyar ke nan da ya gani. Ya yi wayo yana bawa a ƙarƙashin ta Faransa, ya sari rake a ƙarƙashin ta Sifen, wata ta zo ta yi wata biyu ta tafi ba a riƙe sunanta ba. Ta Haiti ce kaɗai ta zo da abu a hannu: shekara ashirin da biyu da suka wuce ta 'yanta bayi, iyayengiji suka tsere ta teku, aka bar ƙasar ga waɗanda suka saba zuba mata gumi.

Sabuwar gwamnati ta yi shela cewa bauta ba za ta dawo ba. An ji, an gode. Amma shelar ba ta ce uffan a kan gonaki ba, kuma ga labari cewa wani hafsa yana tafe da mai tsohuwar takardar fili. Takardar, kamar yadda dattawa suka sani, cewa ta yi iyaka ta fara daga dutse mai zanen gicciye. In babu dutsen, takarda makauniya ce. Saboda haka aka taru a gindin rimi aka yanke shawara ɗaya: babu wanda ya taɓa ganin wani dutse.

"Kai za ka yi magana," in ji Telésforo, ƙanin matar Nicomedes. "Allah bai ba ka ƙarfi ba, bai ba ka kyau ba, amma ya ba ka ƙarya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ka ji ɗan banza. Da ƙaryar na auri yayarka, kuna ta godiya."

Ba a yi gardama ba. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana ɗingishi don kada a ɗauke shi soja, har wata rana ya manta ƙafar ya sauya, kuma ya shawo kan hafsan Haiti cewa ciwon ne yake yawo, ai ba a neman wani wakili bayansa.

Baƙin suka iso da hantsi, bayan an sha ruwa kwana biyu. Maza arba'in suka tsaya a bakin hanya, kowa da addarsa. A gaba akwai hafsa matashi, rigarsa ba ta gama sanin jikinsa ba. A bayansa wani tsoho a kan alfadari, ya ƙanƙance kamar busasshiyar taba, ido ɗaya ya yi yana. Nicomedes ya fito gaba, ƙaryarsa a shirye a bakin harshe, ya ma yi mata ado.

Sai tsohon ya ɗaga kai.

Don Leocadio ne, ubangidansa na dā. Kuma shi ne ya riƙe shi a coci ranar baftisma, don iyayengiji suna son wannan alheri, ba ya cin ko kaza. A ƙasar nan wanda ya riƙe ka ranar nan, wato Padrino, ya zama ubanka a gaban Allah. Duk inda ka gamu da shi, ko ka yi furfura, sai ka cire malafa, ka kai gwiwa ƙasa, ka roƙi albarka. Ba a yi masa musu, ba a yi masa ƙarya. Tsofaffi sun ce wanda ya yi, ƙasa ba ta karɓar gawarsa da daɗin rai.

Nicomedes bai yanke shawarar komai ba. Gwiwar ce ta riga shi. Ya dai ji sanyin taɓo, ya ga malafarsa a hannu.

"Albarka, Padrino."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana." Hannun da ya taɓa sa a yi masa bulala ya sauka a kansa, ba nauyi. "Ka tsufa, Nico."

"Tashi, jaki!" Telésforo ya faɗa ta tsakanin haƙora. "Ko ɗingishin ne ya dawo?"

Ya tashi. Taɓo ya manne a wandonsa.

"Ban zo neman bawa ba," in ji tsohon, yana ɗaga murya don kowa ya ji. "Yanzu duk 'yan ƙasa ɗaya muke, ko ba haka ba, hafsa? Wancan zamani ya wuce, Allah ya yafe mana. Abu ɗaya nake so. Nico, kai ka riƙe mini igiyar awo ranar da aka kafa dutsen. Ina yake?"

"Padrino, shekaru sun ja, ga ambaliya, ga..."

"Ban tambaye ka ambaliya ba. Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Nicomedes ya laluba cikinsa. Ƙaryar da ya kwana uku yana kiwo ta watse kamar 'yan tsaki sun ga shaho. Ya dubi hafsan, wanda da zai iya sayar masa da kogin Ozama kafin azahar. Ya dubi idon nan mai yana.

"Na sani."

Abin da ya fi ciwo shi ne babu wanda ya tare shi. Adda arba'in suka dare, suka ba da hanya. Kowannensu yana da nasa Padrino, a raye ko a kabari.

Bai nufi daji da su ba, gidansa ya nufa. Matarsa Eduviges tana tsugune a tsakar gida tana hura wuta, tukunyar wake a kan duwatsu uku. Shekarar da iyayengiji suka gudu, shi da kansa ya tono dutsen ya kawo mata, yana angon da ba shi da abin burgewa sai wannan. Tun daga ranar yake shan hayaƙi.

Ya nuna na hagu da leɓe.

Ta dubi dutsen, ta dubi taɓon gwiwarsa. "Nico, me ka yi?"

"Tambayata aka yi."

"Kullum ana tambayarka! Ni shekara ashirin ina tambayarka, ban taɓa samun gaskiya ko ta cokali ɗaya ba. Sai yau ka tashi tuba?"

Hafsan ya matso zai sa a ɗauke tukunyar. Ta ɗaga muciya.

"Yallaɓai, waken bai nuna ba. Gwamnatinku ba ta kai wata ɗaya ba, ta iya jiran wake."

Suka jira. Kuma tun da ba a sauke tukunya a gaban baƙo a hana shi, ta zuba wa tsohon, har da gurasar rogo. Ya ci da dasashi, a hankali, ya ce an yi ƙwauron gishiri.

Aka kwara wa dutsen ruwa, ya yi tsaki ya fitar da tururi. Hafsan ya kankare baƙin da wuƙa, gicciyen ya bayyana. Nicomedes ya naɗe shi a buhu ya saɓa, da sauran zafinsa, ya kai shi can ƙetaren rafi inda ya tono shi. Aka ja igiya daga nan. Gonakin rogo suka faɗa ciki, da na ayaba, da rafin, da rimin, da maƙabarta.

"Ba wanda zan kora," in ji Don Leocadio. "Ku zauna, ku yi noma. In kaka ta yi ma yi maganar rabo. Ni ba mai manta 'ya'yana ba ne."

Da la'asar Nicomedes ya dawo shi kaɗai, kafaɗarsa ta yi bororo. Ya wuce Telésforo a bakin hanya yana wasa adda, ya rage tafiya ko zai samu zagi. Bai samu ba.

A gida ya tarar da Eduviges tana ƙoƙarin zaunar da tukunya a kan duwatsu biyu. Ta gyara, ta karkace. Ta sake gyarawa, ruwan ya tuntsure ya kashe rabin wutar.

"Bari in je rafi in ɗauko miki wani," in ji shi.

Ba ta ɗago ba.

"Ka fara tambayar mai rafin," in ji ta.